Wata ukun da na yi ina kwashe wasiƙunmu zuwa akwati mai kulle

Mu huɗu ne muke aikin. Hira muke yi da mutane a kan rashin lafiyar da ba sa so kowa ya sani, mu naɗi murya, mu mayar da ita rubutu, mu gyara, sannan mu miƙa wa masu binciken da suka ba mu aikin. Kafin mutum ya buɗe baki sai mun karanta masa takardar amincewa, a cikinta kuwa akwai layin da ke cewa ba wanda zai ga maganarsa sai mu. Sau nawa na karanta wa mutane layin nan, Allah kaɗai ya sani, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko gaskiya nake faɗa musu ba.

Wani dare ina share tsofaffin fayiloli sai na ci karo da wata folda mai hirarraki 11, an saita ta yadda duk mai linki zai iya buɗewa. Ni na saita ta haka da hannuna, kusan shekara biyu baya, ranar da wani mai taya mu buga rubutu ya kasa shiga alhali muna cikin sauri. Mutumin ya daɗe da barin aiki da mu. Linkin kuwa yana nan kwance a imel ɗinsa, da na duk wanda ya taɓa tura wa. Nan take na rufe foldar, amma dai ihu ne bayan hari. Da gari ya waye na gaya wa babbarmu, wadda duk muke kira Yaya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To ƙanena, ban da shi, su wa kuma ke iya karanta abin da muke ajiyewa?"

Da na shiga neman amsa, abin da na fara ganowa shi ne na daɗe ina ruɗin kaina da ɗan hoton kwaɗon nan da ke saman burauza. Kwaɗon ba ƙarya ba ne, sai dai hanya kaɗai yake tsarewa. Saƙo zai tashi daga kwamfutarka a kulle, ya isa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonni, a can a buɗe shi. Ko sun sake kulle shi a rumbunsu, makullin yana hannunsu. Da haka ne ma suke iya tace maka tarkacen saƙonni, su zaƙulo maka wasiƙar shekara bakwai kafin ka ƙifta ido. Google tun a 2017 ta sanar da cewa ta daina leƙa wasiƙun Gmail don zaɓo tallan da za ta nuna wa mutum. Amma wanda ya ce ya daina leƙe daban yake da wanda ba shi da ƙofar leƙen. Shi kansa tsarin aika imel, SMTP, a 1982 aka rubuta ƙa'idarsa, lokacin da akasarin masu amfani da shi 'yan jami'a ne da ma'aikatan cibiyoyin bincike, kowa ya yarda da kowa.

Maganin ma tsoho ne. A 1991 wani Ba'amurke mai suna Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP. Kowa yana da abu biyu: kwaɗo a buɗe da yake raba wa jama'a, duk mai son aiko masa da saƙo ya datse da shi, sai kuma ɗan makullin da ba ya barin aljihunsa. Gwamnatin Amurka ta shafe shekara uku tana binciken mutumin nan, don a dokarta ta lokacin fasahar kulle saƙo mai ƙarfi cikin jerin makamai take, fitar da ita waje kuma sai da izini. A 1996 aka rufe binciken ba tare da an gurfanar da shi ba. Na taɓa gwada PGP da hannu shekarun baya. Na haɗa makullaina, na ji kaina wani ɗan leƙen asiri, sannan na zauna zugum, don duk cikin mutanen da na sani babu mai kwaɗon da zan datse masa saƙo. Kamfanonin imel mai kulle da nake dubawa yanzu wannan wahalar suka ɗauke wa mutum: su haɗa maka makullin, su kulle shi da kalmar sirrinka a kan na'urarka, su ajiye shi a kulle, su da kansu ba su iya buɗewa.

Sati biyu na yi ina karatu. Proton tana Jeniba a Suwizalan, wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar binciken kimiyya ta CERN ne suka kafa ta a 2014, shekara guda bayan fallasar Edward Snowden, wanda ya tona yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke bibiyar saƙonnin jama'a, kuma PGP take amfani da shi. Tuta, wadda ake kira Tutanota kafin ta gajarta sunan a 2023, tana Hanover a Jamus, ita kuma nata tsarin kullewar ta gina. Don rubutu tare akwai CryptPad, da kamfanin XWiki na Faransa ke kula da ita, sai kuma Proton da ta ƙaro tata manhajar rubutun a 2024. Tallansu duka kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na bar talla na koma karanta abin da ya faru ranar da hukuma ta ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Labarin Lavabit ne ya fi tsaya mini a rai. Ƙaramin kamfanin imel ne a Amurka da Snowden ya yi amfani da shi. A 2013 kotu ta umarci mai shi, Ladar Levison, ya miƙa makullin da ke tsare hanyar shiga sabarsa, makullin da zai buɗe zirga-zirgar mutum sama da 400,000. Sai ya buga shi a takarda shafi 11 da haruffa mitsi-mitsi ya kai musu. Kotu ta yanka masa tarar dala 5,000 a kullum har sai ya kawo shi ta hanyar da kwamfuta za ta karanta. Ya miƙa, sannan ya rufe kamfanin a watan Agusta. A 2021 kuma hukumomin Suwizalan, bisa buƙatar 'yan sandan Faransa, sun tilasta wa Proton ta fara naɗar lambar IP ta wani mai fafutukar kare muhalli, wato lambar da ke nuna daga inda na'ura ke shiga intanet, ta kuma miƙa. Wasiƙunsa ba su buɗu ba, amma an san inda yake shiga. Ita ma Tuta a 2020 wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta umarce ta da sa ido kan akwati ɗaya, abin da umarnin ya iya shafa shi ne saƙonnin da ke shigowa ko fita ba a kulle ba. Waɗannan labarai ba su sa na fasa ba, sun dai rage mini buri. Mu ba daga kotu muke ɓuya ba. Abin da muke gudu shi ne tsohon ma'aikaci, da ɓarawon kalmar sirri, da sakacinmu.

Darasi ɗaya kuma daga Skiff na ɗauko. Kamfani ne da ya haɗa imel mai kulle da rubutu da ajiyar fayil, mutane suka yi ta yabo. A Fabrairun 2024 wani kamfanin manhaja mai suna Notion ya saye shi, aka ba masu amfani da shi 'yan watanni su tattara nasu ya nasu. Wanda adireshinsa ke ɗauke da sunan kamfanin, adireshin ya tafi ke nan. Saboda haka na ce wa Yaya ko ina za mu koma, da domen ɗinmu za mu tafi, wato sunan da ke zuwa bayan alamar @ ya zama namu. In gidan haya ya rushe, mu ɗauki allon sunanmu mu kafa a wani. Ba zan faɗi wanda muka zaɓa ba, kada a ce an biya ni.

Buɗe asusun bai kai minti goma ba. A ƙarshe aka nuno mini kalmomi 12 na Turanci da ba su da alaƙa da juna, aka ce in rubuta in adana, don su ne hanyar dawo da wasiƙuna in na manta kalmar sirri. Na kwafe su a takarda. Na gaya wa sauran su yi haka, kowa ya ce to. Muka kuma kunna tabbaci na biyu, lambar nan mai alƙalami shida da ke canjawa duk daƙiƙa 30 a waya.

Haɗa domen ne ya ba ni ruwa. Layuka huɗu ake ƙarawa a wurin da aka yi rajistar sunan. MX shi ke gaya wa duniya inda za a kai wasiƙunka. SPF jerin sabobin da ka yarda su aika saƙo da sunanka ne. DKIM sa hannu ne da ke bin kowace wasiƙa, DMARC kuma umarni ne kan abin da za a yi da wadda ta faɗi gwaji. Na liƙa su duka, na aika saƙon gwaji, ya isa, na kwanta ina jin daɗi. Bayan kwana biyu ɗaya daga cikin masu binciken ya kira Yaya yana cigiyar rahoton da muka ce mun aika. Yana can cikin kwandon tarkacensa. Ashe tun lokacin da muka kafa ɗan shafinmu akwai tsohon layin SPF a wurin, ni kuma na ƙara sabo ban goge shi ba. Ƙa'idar kuwa layi ɗaya tak ake yarda da shi, in suka zama biyu duka sun lalace. Gyaran minti biyu ne, nemo matsalar ne ya cinye mini yini guda.

Kwaso tsofaffin wasiƙu bai yi gardama ba. Akwai manhajar da ke shiga tsohon akwatin ta jawo komai, kwana biyu tana yi ta gama. Ina kallon lambar tana hawa sai ya faɗo mini cewa kwafi kawai nake yi. Na asalin suna nan inda suke har sai na goge su, kuma gogewar ba za ta shafi waɗanda ke akwatunan mutanen da muka yi ta musayar saƙo da su shekara da shekaru ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne bincike. Ranar farko na rubuta wata kalma da na tabbata tana cikin wata tsohuwar wasiƙa, aka ce babu. Har na fara tunanin an zubar mini da rabin kaya a hanya. Dalilin mai sauƙi ne da na natsu: sabar da ba ta iya karanta wasiƙarka ba za ta iya bincika maka cikinta ba. Sai ka ba na'urarka izini ta sauko da saƙonnin, ta buɗe su, ta gina nata jadawalin kalmomi a cikinta. Kowace na'ura da nata, kuma ranar da na share tarihin burauza jadawalin ya bi shi, aka faro daga farko. Abin haushi ne, amma a wurina shi ne hujja ta farko da na taɓa da hannuna cewa da gaske ba su gani.

Tsakaninmu huɗu komai na tafiya a kulle ba tare da wani ya danna komai ba. Matsalar ita ce ba mu huɗu kaɗai muke duniya ba. Masu binciken da muke yi wa aiki imel ɗin gama-gari gare su, kuma duk abin da muka aika musu yakan sauka a sabar kamfaninsu a buɗe kamar da. Akwai dabara: ka sa wa saƙon kalmar sirri, mai karɓa ya ga linki kawai, ya latsa, ya shigar da kalmar, ya karanta a burauza. Na koya wa kowa. Kashegari Malam, wanda shi ne na biyu a shekaru cikinmu kuma tun farko yake ganin duk wannan ɗawainiya ce ta banza, ya aika rahoto a kulle tsaf. Sai ya bi shi da wani imel na gama-gari zuwa ga mutumin, kanunsa "kalmar sirri", cikinsa kalmar. Na ce, "Haba Malam, ai ka datse ƙofa ka rataye makullin a jikin kwaɗon." Ya ce, "To ta ina zan ba shi, ta mafarki?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma laifina ne da ban faɗa ba. Muka tsayar cewa kalmar sirri da baki ake faɗinta a waya, ko a tura ta Signal, manhajar hira mai kulle, kuma kalma ɗaya za mu yi da kowane mai bincike har aikin ya ƙare, don kada kiran ya ishe su.

Kuskure na biyu ya fi wannan zafi, don Yaya ce ta yi shi, kuma ita ce mafi kula a cikinmu. Al'adarta ta rubuta kanun saƙo a cike: sunan wadda aka yi hira da ita, da cutar, da ranar. PGP kuwa cikin wasiƙa yake kullewa da abin da aka maƙala mata, kanun ba ya shiga wannan kullen. Tuta tana kulle kanu, amma ko a can dole a san adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lokaci, in ba haka ba wasiƙar ba za ta isa ba. Ni rubutun bayan ambulan nake kiran waɗannan bayanai. Wanda ya ga kana aika wa likitan wata cuta saƙo duk sati ba ya buƙatar yage ambulan. Michael Hayden, wanda ya taɓa shugabantar hukumomin leƙen asiri na Amurka, NSA da CIA, a 2014 ya faɗa a bainar jama'a cewa bisa irin waɗannan bayanai suke kashe mutane. Da na yi wa Yaya bayani ta yi shiru, sannan ta ce daga yau kowa lamba za a ba shi. Yanzu kanun saƙonninmu "Hira ta 17" ne, takardar da ke haɗa lamba da suna kuwa ba ta intanet kwata-kwata.

Rubutu tare shi na fi tsoro, don a nan aikinmu yake. Mutum biyu su buɗe hira ɗaya, wannan yana sauraro yana bugawa, wancan yana bin sa da gyara. Na zata kulle zai hana hakan. Ashe yana yiwuwa: duk harafin da ka ƙara, burauzarka ce ke kulle shi, sabar ta miƙa wa abokin aikinka ba tare da ta san mene ne ba, tasa burauzar ta buɗe. A CryptPad na fi ganin dabarar a fili. Makullin takardar yana cikin linkin kansa, a ɓangaren da ke bayan alamar #, shi kuwa wannan ɓangare burauza ba ta aika shi zuwa saba. Na yi ta mamakin hikimar, har sai da na lura da abin da take nufi: linkin shi ne makullin. Duk wanda ya same shi ya samu takardar. Wato ramin da na faɗa tun farko yana nan daram, an dai kawar da kamfani daga jerin masu gani. Dole muka koyi ƙara wa kowace takarda kalmar sirri, mu taƙaita ta ga asusunmu huɗu, in kuma za a ba wani na waje a sa mata ranar mutuwa. A tsohuwar wayar Malam takardu masu tsawo sukan yi nauyi, tunda aikin buɗewar duk a kanta yake, kuma bai gaji da tuna mini hakan ba.

A wata na uku autanmu ya canja waya, kalmar sirrinsa kuma ta ɓace masa fat. Bai gaya wa kowa ba. Ya nemi sabuwa ta lambar wayarsa kamar yadda ya saba yi a ko'ina, aka ba shi, ya shiga. Akwatin yana nan, jerin saƙonni yana nan, amma ko ɗaya ba ya buɗuwa. Tsohuwar kalmar ce ke buɗe makullinsa, sabuwar ƙofar gida kawai ta buɗe masa. Ya kira ni muryarsa na rawa, "A yi musu magana mana su buɗe." Na ce ai abin da muka bar wancan wuri dominsa ke nan, babu wanda zai iya. Na tambaye shi kalmomin nan 12. Ya yi jim, sannan ya amsa cewa bai rubuta ba. Cikin saƙonnin akwai hirarraki uku da shi kaɗai aka turo wa muryarsu.

Da yamma ya sake kira yana dariya. Ya tuna ranar da ya buɗe asusun ya ɗauki hoton fuskar wayar maimakon rubutawa, tsohuwar wayar kuma tana loda duk hotunansa kai tsaye zuwa rumbun wancan kamfanin da muka baro. Ya shiga ya tarar da hoton tsakanin na wani taro da na rasit. Ya shigar da kalmomin, komai ya buɗe. Ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba. Wata biyu cur makullin akwatinsa mai kulle yana ajiye a buɗe a daidai wurin da muka gudo. A daren muka soke waɗancan kalmomin, ya karɓi sababbi, na tsaya a kan waya har na ji ƙarar biro a takarda.

Wannan ne ya sa Yaya ta jefo tambayar da ba wanda ya so ji. "Kai da ke riƙe da domen da asusun gudanarwa, in ka faɗi ka mutu gobe fa?" Babu amsar da ta wuce takarda. Kowa ya rubuta kalmominsa sau biyu, ɗaya a wurinsa, ɗaya a ambulan da aka liƙe aka sa hannu a bakinsa, tana wurin Yaya, tata kuma tana wurina. Ta kuma sa muka gyara layin nan na takardar amincewa. Yanzu yana faɗin su wa za su ga hirar da sunan aikinsu, da cewa masu binciken za su karɓe ta babu suna, da tsawon lokacin da za mu ajiye muryar kafin mu goge. Ya fi na da tsawo, mutane kuma sun fi yin tambaya in an karanta musu.

Tsohon akwatina ban rufe shi ba. Na goge hirarrakin da ke ciki, amma akwai asusu da yawa da na buɗe da adireshin tsawon shekaru, ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina canjawa, har yau ban kai ƙarshe ba. Duk ƙarshen mako nakan leƙa. Makon jiya na tarar da saƙo daga Malam, daga tsohon adireshinsa zuwa tsohon nawa, da fayil ɗin murya a maƙale. Kanun dai "Hira ta 23" ya rubuta. Na sauke fayil ɗin, na goge saƙon, na shiga kwandon shara na sake gogewa, sannan na kira shi ya goge nasa kwafin a cikin waɗanda ya aika. Ya ce wayar ce ta zaɓo masa tsohon asusun, shi bai lura ba. Na ce gobe ya zo da ita mu cire shi gaba ɗaya.